Jar falmaran, dara da lambar Bama: na asali ne ko ɗinkin jiya?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana kafin in saki kuɗina. Wani dillali ya kawo mini kaya a cikin tsohuwar adaka, ya ce na wani tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu), magadansa suka ba shi ya sayar. Ga abin da ke ciki, hotuna na biye: jar falmaran marar hannu mai rawayan gefe, jar dara da tuntunta da lambar tagulla mai bishiyar kwakwa a gaba, jar ɗamara, wani ɗan ƙyalle mai hoton baƙin gizo-gizo a kan rawaya, sai lambobin yabo uku. Ya ce da wannan falmaran ɗin mutumin ya yi yaƙi, har ya nuna mini huda a kafaɗa wai ta harsashi ce. Ya sa naira dubu ɗari huɗu, na taya ɗari da hamsin, ya ce albarka. Kayan na gaske ne? In na gaske ne, sun kai kuɗin? Kuma Malam Nura ya riga ya nemi aronsu saboda faretin tarihi da ɗalibansa ke shiryawa na ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu.

Tela Mai Kaki:
Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Tun kafin in buɗe hotunan, maganar dillalin ta karye a wuri ɗaya: ba wanda ya shiga dajin Bama da jar riga. Falmaran da dara da jar ɗamara kayan fareti ne, na ranar da Gwamna zai duba soja ko wani babban biki, a kan kaki ake ɗora su, riga da gajeren wando. Waɗanda aka kai Bama koren kaya suka sa, mai kalar ganye, da hula mai faɗin baki. Wanda ya sa ja a wannan kurmin ai ya kira maharbin Japan da kansa. Hudar kafaɗar nan ko asu ne ko ƙusar adaka, amma ba harsashin Japan ba. Wannan bai nuna rigar jabu ce ba, labarin ne jabu, a raba biyun. Juya rigar ka ɗauko mini cikinta, da bayan lambar dara, da wurin da ɗinki ya warware in akwai.

Abban Sadiq:
Ga su nan, Baba. Akwai zare da ya saki a gefen hagu da kuma na wuya.

Tela Mai Kaki:
Madalla. Tsinko ɗan zare kaɗan daga kowanne, kada ya wuce tsawon farce, ka kai shi bakin ashana. Zaren auduga yana ci da wuta ya bar toka mai laushi, warinsa kamar an ƙona takarda. Ulu yana ƙudundunewa ya yi ƙaurin gashi. Zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. In ka ga ya narke, to an yi wannan ɗinkin bayan yaƙi da daɗewa, domin a zamanin yaƙin Hitila telolin soja ba su da shi.

Abban Sadiq:
Na wuya ya zama toka. Na gefen hagu ya narke. Ɗan burbushin jan yadin kuma ƙaurin gashi ya yi.

Tela Mai Kaki:
To ga yadda na karanta ta. Jikin rigar tsohon mulufi ne, ɗinkin wuya na asali ne, amma rawayan gefen hagu an sake shi daga baya. Dubi hotonka na uku, rawayan hagu ya fi na dama haske, kuma ramukan tsohuwar allura suna nan a gefensa. Riga ce ta da, wadda aka yi wa gyara. Gyara ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, kuma yana rage kuɗi. Abin da ba zan iya rantsuwa a kai ba shi ne ko rigar soja ce. Irin wannan yankan an yi wa 'yan badujala da masu tsaron ƙofar manyan gidaje. A kayan gwamnatin Ingila akan sami hatimi a ciki, alamar kibiya mai faɗin kai, wani lokaci da haruffan WD na ma'aikatar yaƙi, ko lambar sojan da tawada. A naka hoton shafin ciki ya goge, ban ga komai ba.

Malam Nura Tarihi:
Allah ya saka, Baba. Bari in ƙara a kan lambar dara. A hoton an rubuta RWAFF a ƙarƙashin bishiyar, wato taƙaitaccen sunan rundunar sojan da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma. Wannan yana taimakawa wajen shekaru. Rundunar ta samo asali a 1897, Lugga ne aka ba aikin kafa ta, kuma a lokacin WAFF ne kawai. Harafin R na gaba, wanda ke nuna ta zama ta Sarkin Ingila, sai 1928 aka ƙara shi. An yi ta amfani da sunan har zuwa lokacin 'yancin kai, 1960. Saboda haka lambar, in ta gaske ce, tsakanin 1928 da 1960 take. Shekara talatin da biyu ke nan, yaƙin Bama kuwa ɗan yanki ne a ciki. Mutum zai iya sa wannan dara shekara goma a Zariya bai taɓa ganin teku ba.

Bashir Mai Tara Kwabo:
Ni bayan lambar ne bai kwanta mini ba. Duk tsaga-tsaga ne da ƙananan ramuka, alamar zubi aka yi a yashi. Na masana'antar Ingila bugawa ake da inji, sai ka ga hoton gaba ya fito a baya a lotse, tsaf. Wannan maƙeri ne ya yi ta. Jabu ce.

Sani Gwanjo:
Malam Bashir, a yi a hankali da kalmar jabu. Shekarata da yawa ina wannan sana'ar. Lokacin yaƙi ba kullum kaya ke isowa daga Ingila ba, an yi ta zuba lambobi a Indiya da Masar da nan gida, soja ya ɓatar da tasa ya je wurin maƙeri kafin samanja ya gani. Lambar zubi tana iya zama ta 1944, tana iya zama ta bara. Abin dubawa shi ne inda hannu da goga suka cinye ta. Wadda aka goge shekara da shekaru, ganyen kwakwar kan sama ya shafe, amma cikin lunguna ya yi baƙi. Wadda aka tsufar da ita da gangan, ko'ina launi ɗaya ne, wani lokaci har da tsanwan da ake samu in an jiƙa tagulla a ruwan tsami.

Bashir Mai Tara Kwabo:
Na ji wannan. Amma ko ta 1944 ce, mai saye ba zai biya kuɗin bugun Ingila a kan zubin da ba mai iya tabbatar da shekararsa ba.

Sani Gwanjo:
A nan ba mu da saɓani.

Jikar Samanja:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, kowa yana kan zare da tagulla, ba wanda ya tambayi sunan mai kayan. Alhaji, wane ne shi? Ɗan wane gari? Mece ce lambarsa?

Ina tambaya ne don kakana ya je Bama, kuma kayansa suna hannun mahaifiyata. Lambobin nan uku da ka nuna irinsu ne a gidanmu: tauraron 1939 zuwa 1945, tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, da farar lamba mai kan Sarki Joji na shida. Ka juya su ka gani, bayan taurarin a shafe yake, ba suna. Haka aka raba su. Na yaƙin duniya na farko ne ake buga lambar soja da sunansa da rundunarsa a jiki. Tunda na biyun ba suna, kowa zai iya tsinto uku daga wurare uku ya jera su a kan riga ya ce na mutum ɗaya ne. Abin da ke ɗaure su da mutum shi ne littafin sallama. Na kakana ɗan ƙarami ne, ya yi laushi saboda riƙo, a ciki akwai lambarsa mai farawa da NA, ranar da ya shiga, ranar da aka sallame shi, da shaidar halinsa. Da sunan garinsu aka rubuta shi a matsayin suna na biyu, kamar yadda aka yi wa yawancinsu, su Audu Katsina, Garba Sakkwato, Musa Bauci. In ba littafin, sunan kaɗai ma ba ya isa, don masu suna iri ɗaya sun yi yawa.

Abban Sadiq:
Hajiya, na kira shi yanzu. Ya ce akwai wasu takardu da hoto a adakar, amma wani ya riga ya saye su daban.

Jikar Samanja:
Innalillahi. To an raba mutumin da kayansa ke nan. Wannan ya fi hudar kafaɗa ciwo.

Bashir Mai Tara Kwabo:
Ko ta fuskar kuɗi ma asara ce. Tauraron Bama shi kaɗai ba shi da tsada a wurin masu tarawa, don an raba su da yawan gaske, ga na kwaikwayo sun cika intanet. Amma lambobi da littafin sallama da hoton mutumin sanye da kaki, duka na mutum ɗaya, wannan wani abu ne daban, kuɗinsa kan ninka. Dillalin da ya raba su ya ci riba sau biyu yau, ya kashe darajar da ba za ta dawo ba.

Sani Gwanjo:
Ba na kare wanda ya yi wannan. Amma tunda kullum a kan dillali ake sauke laifi, bari in faɗi abin da nake gani da idona. Ba mu ke shiga gidaje mu fasa adaka ba. Jika ne zai zo da kayan a buhu, matarsa na asibiti ko kuɗin makaranta ya taso. Sau da yawa takardun ma ba ya kawowa, ya ce yara sun yaga ko gara ta ci. Wanda bai sayar ba, ka koma bayan shekara biyar ka tarar ɗaki ya zuba a kansu da damina. Sannan ku masu saye, ku ke neman labari. In na ce riga ce ta fareti, ban san mai ita ba, sai a taya ta da kuɗin gwanjo. In wani ya ce ga inda harsashi ya shiga, sai a buɗe jaka. Wa ya koya wa wa ƙarya?

Tela Mai Kaki:
Gaskiya ce mai ɗaci, Sani, amma ba ta halatta ƙaryar ba.

Malam Nura Tarihi:
A koma kan gizo-gizon, don shi ne kaɗai abin da ke da alaƙa da Bama kai tsaye ban da tauraron. Alamar runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ananse ne na tatsuniyoyin Asante, wanda ke cin galaba a kan manyan dabbobi da dabara, ɗan'uwan Gizonmu. Ta 82 kuma alamarta māsu biyu a giciye a kan gammo, saboda dubban sojojin da aikinsu ɗaukar kaya a ka ne a inda mota da alfadari ba sa shiga. Rundunonin biyu suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da na Dalet, a Zariya ga barikin Chindit. Sunayen nan duk daga can suka zo, kuma yawancin ɗalibaina suna wucewa ta gabansu kullum ba su san dalili ba. Shi ya sa nake son faretin.

Tela Mai Kaki:
Ƙyallen gizo-gizon ya fi komai sauƙin kwaikwayo. Wasu kan haska irinsa da fitilar nan mai shuɗin haske ta duba kuɗi, in farin zaren baya ya yi ƙyalli sai su ce sabo ne. Gwajin yana da amfani amma ba hukunci ba ne, don tsohon yadi ma in an wanke shi da omo zai yi ƙyalli. Kuma wurin gizo-gizo hannun koren kaki ne, ba falmaran ba.

Ɗan Giginya:
Ni dai ina da magana, kuma ba ta zare ba ce. Malam Nura, kayan wa za ka sa ma ɗiyan mutane? Rundunar ga da kuke yabo, ita ta fasa ganuwar Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Ita ta zo Sakkwato ran 15 ga Maris, anka kashe mutane nan filin Giginya. Ita ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, ya yi shahada cikin Yuli tare da jama'a mai yawa. Ita ta shafe Satiru a 1906. Turawan da ke ciki 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin mutanenmu na. Yanzu a ɗauko jar dara a aza ma yaro, a buga mashi badujala, a tafa? Ni ban ga abin ado ba ga wanga tufafi.

Jikar Samanja:
Ɗan'uwa, kakana ba a haife shi ba a 1903. Hakimi aka ce ya kawo mutane, aka nuna shi, yana saurayi. Ya dawo da ciwon da bai rabu da shi ba har ya rasu, kuɗin sallamar da aka ba shi bai kai na Baturen da suka kwana rami ɗaya ba. Kada ka ɗora masa Burmi.

Ɗan Giginya:
Hajiya, Allah ya jiƙan shi, ban nufi kakanki ba. Rigar nike nufi. Riga ɗaya ce ta gado daga waɗancan zuwa waɗannan.

Malam Nura Tarihi:
Maganarka tana da nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Amma dubi mutum kamar Chari Maigumeri. Da farko sojan Jamus ne a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya kai samanja, ya ga yaƙin duniya biyu, yau ga bariki da sunansa a Lakwaja. A wane layi za ka sa shi, na jarumai ko na 'yan amshin shata? Rayuwar mutanen nan ba ta shiga layi ɗaya. Abin da nake gudu shi ne mu ɓoye rigar don tana ba mu kunya, yaranmu su tashi ba su san an yi ba. Hausa ce fa harshen umarni a wannan runduna, har Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Tarihinmu ne, mai daɗinsa da marar daɗinsa.

Alhaji Na Kumasi:
Gaisuwa daga Zango. Mu a nan rigar tana da wata fuska. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka yi jerin gwano a Ankara, babban birnin Gana, za su kai kuka wurin Gwamna kan haƙƙinsu da aka hana su. Aka buɗe musu wuta a mararrabar Christiansborg, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin Gana a 1957. Duk shekara ana taron tunawa da su a wurin. Waɗanda suka yi wa Bature yaƙi su ne kuma suka girgiza mulkinsa. Wanda ya zo Kumasi ya shiga gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Turawa, zai ga kayan yaƙin Habasha da na Bama a ajiye.

Ɗan Damagaram:
Mu ma wajenmu jar hula ce, ta sojan Faransa, da jar ɗamara, lambarsu kuwa ƙugiyar jirgin ruwa. Ana ce musu 'yan Senegal amma daga ko'ina aka kwaso su, har da nan Nijar. A Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa suka harbe waɗanda suka dawo daga bursunan Jamus don sun nemi kuɗinsu. Daga baya kuma aka daskarar da fanshon sauran shekaru da yawa. Tsofaffin da na sani ba su taɓa yarda sun sayar da lambobinsu ba ko da yunwa, don su da katin tsohon soja ne shaidarsu in za a je karɓar fansho. Ina goyon bayan Hajiya, takarda ita ce gaba da riga.

Bashir Mai Tara Kwabo:
Tunda an ambaci 1903, akwai lambar da aka ba waɗanda suka yi waɗannan yaƙe-yaƙen, ta azurfa mai kan Sarki Edward na bakwai, da ɗan ƙarfe a giciye a kan ƙyallen an rubuta N. Nigeria 1903, wata kuma 1906. Waɗannan da suna a gefensu, kuma su ne masu tsada a kasuwannin gwanjon Ingila. Su ma ana yi musu maguɗi, a kankare sunan asali a buga wani, ko a ƙara ƙarfen da bai cancanta ba. In gefen lambar ya fi siriri a wuri ɗaya, an kankare.

Ɗan Giginya:
Irin wagga kam ko kyauta anka ba ni ba ni aje ta ɗakina. Gidan tarihi ya kamace ta, Gidan Makama ko Arewa House, a rubuta ƙarƙashinta abin da anka yi kafin a ba da ita.

Ɗan Lifidi:
Ranku ya daɗe, ku ba mahaya dama. Kuna ta maganar fareti da tsofaffin kayan yaƙi kamar baƙon abu, alhali mu duk sallah muna yi. 'Yan lifidi da 'yan sulke da kuke gani a Hawan Daushe kayan yaƙi ne a jikinsu. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Amma ba wanda zai ce maka lifidin da ke kan dokina na zamanin Kanajeji ne. Lifidi yadi ne da audugar rimi, gumin doki yana cinye shi, sai a sake wani a hannun masu sana'ar da suka gāda. Ba mai kiransa jabu, domin ba wanda ya ce tsoho ne. Sulke ne ake gādo, shi ma akwai bambanci. Tsohon na ƙwarai, kowane zobe an haɗa bakinsa an dasa masa 'yar ƙusa. Na baya-bayan nan lanƙwasa waya kawai ake a haɗa baki, ka ja da ƙarfi ya buɗe. A gidanmu na ƙusar ba ya fita hawa, don duk fita sai zobba sun zube.

Shawarata ga Malam Nura ke nan. Abin hawa daban, abin ajiya daban.

Shugaban Zaure:
Ƙarin bayani kan sulke da takubba: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana ciki. Duk wanda baƙo ya taya masa irin wannan ya sani. Sannan a ci gaba da magana cikin mutunci kamar yadda ake yi.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Ga inda na tsaya. Dubu ɗari huɗu kam babu. Zan taya rigar a matsayin tsohuwar falmaran mai gyara, lambobin a matsayin marasa suna. Amma sharaɗina shi ne ya kai ni wurin magadan, ya kuma faɗa mini wanda ya sayi takardun, ko hotonsu ne in samu. In ya ƙi, na haƙura. Malam Nura, ka yi haƙuri, ko na saya ba zan ba da aro a sa ba.

Malam Nura Tarihi:
Ba komai, Alhaji, hujjar Ɗan Lifidi ta isa. Ka dai ba mu dama Baba Tela ya auna ta.

Tela Mai Kaki:
In ta zo hannunka kada a wanke ta, kada a kai ta wurin mai guga. Kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, a naɗe ta a farin yadin auduga wankakke, ba a leda ba, don leda tana tara gumi. Kada a rataye ta a rana, ja yana saurin koɗewa. A riƙa buɗewa ana duba asu, musamman bayan damina. Lambobin kuma kada a goge su da man goge tagulla, baƙin nan da ke jikinsu yana cikin shaidar shekarunsu. Na faretin zan ɗinka sababbi, kuma a cikin kowace zan ɗinke ƙyalle mai sunan shagona da shekarar bana. Na ga rigunan da aka ɗinka don wasan kwaikwayo sun tsufa sun dawo kasuwa da labarin yaƙi a bayansu.

Tsohon Kofur:
Malam Nura, a matsayina na wanda ya yi aikin soja, abu biyu. Doka ta hana farar hula sa kakin soja ba izini. Kayan nan na da ne, ba wanda zai ɗauke su na yanzu, amma duk da haka ka rubuta wa barikin da ke kusa da ku da ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ka gayyace su. Kada a fito da wani abu mai kama da bindigar gaske, sanda ta isa. Na biyu, kada ka rataya wa yaro lambar yabo a ƙirjin hagu. Hagu na wanda ya sha wuyarta ne. A al'adar da muka gāda, ɗa ko jika in zai sa ta mahaifinsa ranar tunawa, a dama yake sawa.

Malam Nura Tarihi:
Na rubuta duka. Saura abu ɗaya da muke ta gardama a kai da sauran malamai: takalmi. A hotunan fareti na kafin yaƙin duniya na biyu, sojojinmu ƙafa ba takalmi suke tsaye, ƙyalle kawai aka naɗe musu a ƙwauri, hafsan Bature na gefe da takalminsa yana ƙyalli. Wasu sun ce a sa wa yaran takalmi, iyaye ba za su ji daɗi ba.

Ɗan Giginya:
In za a yi, a yi shi yadda ya faru. Ka sa masu takalmi ka gyara ma Bature tarihi. A bar su ƙafa ƙasa, a tsai da guda da takalmi gefe, mai sanarwa ya gaya ma mutane dalili. Kuma kafin a buga badujala a karanta abin da ya faru Kano da Giginya da Burmi da Satiru. In kun yarda da wannan, ni zan rubuto shi da kaina in aiko.

Jikar Samanja:
Na yarda da karatun. Amma a yi layi biyu, na fareti da jar dara, da na Bama da koren kaya da kaya a ka bisa gammo, don su ma a gan su. Zan roƙi mahaifiyata ta bari a ɗauki hoton littafin kakana a buga shi babba. Littafin kansa ba zai bar gida ba.

Malam Nura Tarihi:
An gama. Ɗan Giginya, kada ya wuce shafi biyu, yara ne za su karanta. Batun ƙafa kuma sai na ga filin, in akwai tsakuwa da ƙaya dole a share tukuna, ga sanyin Janairu da safe.

Tela Mai Kaki:
A turo mini awon yaran kafin ƙarshen wata, da adadin na ja da na kore. Koren yadin akwai shi a nan, mulufin ne sai na aika Kano, kuma darar ba a samunta da yawa lokaci ɗaya.